Kankarewa ko jiƙawa, wanne ya fi wajen cire tsohon gam?

Malam, ka ce ƙafar kujerar katakonka ta kwance, tsohon gam ya bushe a jiki, kana tambaya ko ka kankare ko ka jiƙa da ruwan zafi. Da farko dai kada ka zuba sabo bisa tsohon, farin gam irin su Top Bond sai ya shiga jikin itace yake kamawa, in ya tarar da busasshe a hanya sama sama zai zauna, kwana kaɗan kujera ta koma girgiɗi.

Kankarewa ta fi sauri, ka sa cizal mai kaifi ko reza ka bi a hankali, katakon bai ga ruwa ba balle ya kumbura, kana gamawa ka sa gam. Amma hannu na zarcewa ka ci itacen, kuma mutanenmu da samfefa suke bi su yi ta gurza har kan ƙafar ya rame ya riƙa yawo cikin ramin da yake shiga, wallahi wannan ke ɓata mani rai don farin gam ba ya cike giɓi. Ni a shimfiɗaɗɗen wuri kawai nike kankarewa, kamar gefen allon tebur.

Jiƙawa kuwa sai mai haƙuri. Ruwan zafi da ɗan khal a ciki, ka tsoma tsumma ka naɗe kan ƙafar, ramin ma ka cusa mashi, bayan kamar minti 15 za ka ga gam ɗin ya yi fari ya yi taushi kamar cingam, sai ka bi da tsohon buroshi ko tsinke ya fito, itacen bai ragu ba ko kaɗan. Matsalarta jiran bushewa. Da hunturu nan Katsina kwana ɗaya ya isa, da damina ka ba shi biyu a inuwa, kada ka shanya a rana ya tsage.

In kuma gam ɗin mai ruwan ɗorawa ne yana jan jiki kamar roba, Evo-Stik ne wani ya sa, ruwa ba ya yi mashi komai sai tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi.

Don haka taka kujerar jiƙawa za ka yi, abin da ya maƙale a lungu ka ɗan taɓa da cizal. Ka shafa gam a ramin da kan ƙafar duka, ka ɗaure tamau da robar tib ɗin mashin, ka hana yara hawa sai ta yi awa 24.