GARGAƊI: Ya ci mini jika 575 da sunan haɗa bidiyon talla na katun, 'yan kasuwar Maradi ku yi hattara

Assalamu alaikum jama'ar Maradi da kewaye, musamman 'yan uwana mata masu sana'a. Jika 575 na sefa, wato sefa dubu 575, wani yaro ya karɓa a hannuna da sunan zai haɗa mini bidiyon talla na zane mai motsi, irin wanda muke kira katun, yau ga shi babu bidiyo, babu kuɗi, wayarsa a kashe. Jika 575. Ba rance na ba shi ba, ba kyauta na yi masa ba, kuɗin aiki ne, kuma rabinsu kwasar adashina ce da na yi wata da watanni ina zubi. Hannuna rawa yake yi yanzu haka da nake rubutun nan, in kun ga na haɗa gaba da baya ku yi haƙuri.

Waɗanda suka san ni sun san man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli da garin aya a unguwar Zariya, ina ɗurawa a kwalba da leda mai tambarina, ina aikawa Yamai da Damagaram, wani lokaci har Katsina ta hanyar Ɗan Isa. Na so a yi mini talla ta minti ɗaya kafin azumi, lokacin da mai ya fi tafiya, in sa a WhatsApp da Facebook da TikTok. Dalilin da ya sa na zaɓi katun ba don burgewa ba ne. Matan da ke yi mini suya da matsa matan aure ne, ba wadda mijinta zai yarda a ɗauki fuskarta a watsa duniya, ni ma ba na son tawa ta fita. Zane kuwa ba ya shiga haƙƙin kowa. To ina laifin wannan tunanin?

Kuma kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce mini na yi gaggawa. Ban yi ba. Ba shi kaɗai na tuntuɓa ba, na ji farashin wasu a Yamai, na ji na wani a Kano da ya ba ni a naira na zauna na juya zuwa sefa. Nasa ba shi ne mafi araha ba, yana tsakiya, jika 850 aikin duka. Da ya ce mini jika 100 ne da na gudu, domin na san arha ba ta ado. Na ce ya turo aikin da ya taɓa yi, ya turo bidiyoyi masu kyau ƙwarai. Na ce ba na ciniki da wanda ban gani ido da ido ba, ya ce zai zo. Ya zo. Har inda muke aiki ya zo, a kan babur, da jakar kwamfuta a bayansa, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida matan da ke suya ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya yi a wannan zaman shi ne ya hana ni barci har yau. Ya ce, "Hajiya, ara mini biro." Ya jawo littafin da nake rubuta bashin 'yan sari, ya juya bayansa, ina kallo, a gabana, ya zana ƙwayar gyaɗa da ƙafafu da hannuwa, ta ɗaura zane ta yi kallabi, ta ɗauko kwalbar maina a ka. Har ɗan lanƙwasar wuyan kwalbar sai da ya fitar. Matan nan suka bar kasko suka zo suna leƙe suna dariya. Ya ce wannan gyaɗar ita za ta riƙa magana a tallar, da Hausar Maradi tsantsa, sannan a yi wata da Faransanci saboda 'yan Yamai. Da zai tafi na ba shi jika 2 na ce ya sha mai, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Haba Hajiya, ke uwata ce, ko dala ba zan karɓa ba sai kin ga aiki." Ya ƙi jika 2. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wa zai ga mutum ya zana abu da hannunsa a gabansa, ya ƙi kuɗin mai, sannan ya zarge shi?

Na ƙarshen da ya karɓa, jika 75, su suka fi ƙona mini rai. Ya kira ni da dare wai lasisin manhajar da yake aiki da ita ya ƙare, in ba a biya kafin safe ba duk aikin da aka yi zai kulle. Na tambaye shi sunan manhajar, don ni mai tambaya ce, ya rubuto mini: Blender. Yana nan a hirarmu, zan sa hoton ku gani. Daga baya aka nuna mini cewa Blender kyauta ce, duk wanda ya ga dama a duniya yana sauke ta daga intanet ba ya biyan ko sisi, ba ta da wani lasisin da ke ƙarewa. Jika 75 a kan abin da yake kyauta! Kafin su akwai jika 150, wai na masu murya da kiɗa, wai akwai wata mai gabatar da shiri a rediyo da za ta yi muryar gyaɗar, kuma ba ta buɗe baki sai an biya ta. Na ce a haɗa ni da ita mu gaisa, ya ce ta yi tafiya. Na farko kuwa jika 350 ne, kafin alƙalami, bayan mun sa hannu a takarda mai hatimi da lambar NIF, wato lambar haraji, a samanta. Ku haɗa: 350 da 150 da 75. Jika 575.

Af, ban faɗa muku abin da ya turo ba, ai ya turo wani abu. Tun kafin maganar lasisin ne, ko bayanta kaɗan, lokacin da na fara matsa masa. Wani guntun bidiyo ne da bai kai daƙiƙa goma ba, kwalba tana juyawa, ruwa mai launin lemo yana fantsama, tambarina an manna shi a kai a karkace. Babu gyaɗa, babu zane, babu kallabi. Kwalbar ma ba irin tawa ba ce, ta lemon kwalba ce. A kusurwar ƙasa akwai wani wuri da aka shafe ya yi dishi-dishi. Na ce ɗana mene ne wannan? Ya ce gwajin haske ne kawai, ainihin aikin yana cikin kwamfuta ana sarrafa shi, wai yana ɗaukan lokaci. Sai uzuri ya fara zuwa: an ɗauke wuta ta ƙona masa caja, intanet ba ƙarfi, mahaifiyarsa tana asibiti. Da ya ce mahaifiyarsa na asibiti har addu'a na yi mata a saƙon murya. Saƙon yana nan.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ya tona asirin. Ya karɓi wayata, ya tsayar da ɗaya daga cikin bidiyoyin da yaron ya turo mini tun farko a matsayin aikinsa, ya ɗauki hoton wurin, ya sa a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto a intanet. Nan take ga bidiyon a YouTube, na wani kamfani ne a wata ƙasa can nesa, an sa shi shekaru da suka wuce. Abin da ya yi kawai ya yanke gefen da sunan masu shi yake, ya cire muryarsu ya ɗora kiɗa. Muka gwada na biyu, haka. Guntun kwalbar nan kuma, ashe irin samfurin da ake samu a shirye ne a shafukan intanet, ka sa tambarinka kawai ya fito, wurin da ya yi dishi-dishi sunan shafin ne ya goge. Ɗan ƙanwar tawa ya kuma buɗe mini wurin da Facebook ke nuna tarihin shafi, ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin yaron ya taɓa zama na sayar da takalma. Ni ban san akwai wannan wurin ba, kuma na tabbata yawancin masu karanta wannan ba su sani ba, har da masu shirin yi mini wa'azi.

Ofishin da ya ce yana da shi, ai na je tun kafin in ba da jika 350 ɗin. Wannan ma ku sani. Wani shago ne a kan hanyar babbar kasuwa, da allo a ƙofa, da tebur da kwamfuta biyu, da wani yaro a zaune da abin sauraro a kunne. Na gani da idona. Da abin ya lalace na koma, sai na tarar an cire allon, mai shagon ya ce shi bai san shi da wani kamfani ba, wurin buga takardu ne, yakan zo ya biya ya zauna na ɗan lokaci. Kenan ranar da na je, haya ya yi na zaman da zan gani. Kuɗin kuma da na duba rasiɗan da kyau, na farko hannu da hannu na ba shi, na biyu ya ce in tura wa "akawunsa", na uku wai lambar ƙaninsa ce don tasa ta cika. Suna daban-daban, ba ɗaya da ya yi daidai da wanda ke kan takardar da muka sa wa hannu.

Wata ta ce mini, "Ke da kike da wayo Hajiya, ya aka yi?" Wannan tambayar ta fi zagi ciwo. Na fara sana'ar nan da tiya kaɗan ta gyaɗa, na yi mu'amala da dillalai da direbobi da 'yan sari, ba wanda ya taɓa wucewa da kuɗina haka. Na nemi aikin baya, an nuna mini. Na nemi ganin mutum, ya zo. Na nemi ofis, na gani. Na nemi takarda, an buga hatimi. Me ya rage? Kuma ya iya zanen! Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Ba wai ya kawo zanen daga gida ba ne, birona ne, littafina ne, ina zaune ina kallon hannunsa. Allah ya ba shi baiwar da zai ci halal da ita, ya zaɓi ya yi tarko da ita. Ya ce ni uwarsa ce. Ya ƙi jika 2 don ya ci jika 575.

Bayan haka an haɗa ni da wani mai wannan sana'a na gaskiya, muka yi magana a waya, ya yi mini bayani ba tare da ya nemi komai ba. Ya ce iya zana hoto ɗaya daban, iya motsa shi daban. A ƙa'ida daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, minti ɗaya kenan hoto 1,440, shi ya sa aiki mai kyau na minti ɗaya yake cin makonni. Kuma ba a ɓoye yake tafiya ba. Da farko a rubuta abin da za a faɗa, ki karanta ki yarda. Sannan a zana labarin gida-gida a takarda, ki ga abin da zai faru daga farko zuwa ƙarshe. Sannan a naɗi murya a jera zanen a kanta, ki kalla ko da bai fara motsi sosai ba. Sai bayan nan a shiga ainihin motsin da launi. Kowane mataki sai mai kaya ya gani ya amince, kuɗi kuma kashi-kashi suke bin matakan. Ya ce kuɗin manhaja da na kwamfuta ba ruwan mai ba da aiki da su, suna cikin farashi tun farko. Ni ko rubutun abin da gyaɗar za ta faɗa ban taɓa gani ba. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce so yake ya ba ni mamaki.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na ba su takardar da rasiɗai da lambobin. Shi ya sa ba ku ga na sa sunansa ko hotonsa ba, ba don ina rufa masa asiri ba. An ja mini kunne cewa dokar laifukan intanet ta 2019 da ke hukunta irin damfararsa ita ce kuma ke hukunta ɓata suna a kafafen sada zumunta, ba zan ba shi ƙofar da zai juya magana a kaina ba. Amma hotunan hirarmu zan sa su, na rufe suna da lamba: inda ya rubuta Blender, inda ya ce in tura wa ƙaninsa, guntun bidiyon kwalbar, da bayan littafina mai zanen gyaɗar. Tun da na fara ba da labarin a unguwa, wani mai makaranta mai zaman kanta ya ce shi ma an yi masa irin wannan, har da zanen a gabansa, shi fensir aka zana masa da hula. Allah ya isa tsakanina da yaron nan. Ban yafe ba, jika 575 ɗina ban yafe ko dala ba.

Ku kuma masu neman a yi muku talla: bidiyon da aka nuna muku ku sa a bincika muku shi a Google Lens, ku nemi lambar wanda aka yi wa aikin ku kira shi da kanku. Kada ku ƙara ko sisi sai kun ga rubutu da zanen labarin. Kada ku tura kuɗi ga sunan da ba shi ke kan takarda ba. Wanda ya san an taɓa zana masa kayansa a gabansa aka karɓi kuɗinsa, a Maradi ne ko Tasawa ko Damagaram, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ya nemo rasiɗinsa, mu haɗu mu kai wa 'yan sanda a haɗa da ƙarata.