Gargaɗi ga masu kiwon kifin ado a Garwa: ku kiyayi mai ɗigon "gyara ruwa"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani saurayi da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar wata ƙaramar kwalba mai shuɗin murfi, wai daga Jamus aka kawo ta, wai ɗigo goma kacal zai mayar da ruwan famfonka mai zartsi kamar ruwan kogin Amazon. Ni na saya, sefa 7,500, kuma kifaye goma sha ɗaya na rasa cikin kwana huɗu.

A Yelwa nake zaune, ruwan gidanmu na burtsatse ne da ake turawa tanki. Duk wanda ya leƙa butar shayinmu zai ga farin ɓawo ya kama gindinta, sabulu kuma sai ka yi ta cuɗawa kafin ya yi kumfa. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 120, shekara biyu ina ajiye kifayen gofi da moli a ciki lafiya lau, har haihuwa suke yi. Kwaɗayi ne ya ja ni na sayo neon tetra goma sha biyu, waɗannan ƙananan masu ja da shuɗi. Asalinsu daga yankin Amazon ne, inda ruwa ke da laushi da ɗan tsami. Da na auna pH ɗin nawa ruwan, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, sai na ga 8.2, ba shi da tsamin da suke so. A nan ne na faɗa hannun yaron nan.

Har gida ya zo a kan babur, da ladabinsa, yana ta "Alhaji, ranka ya daɗe". Ya ɗebi ruwan famfo a kofin gilashi, ya ɗiga ruwan gwaji, ruwan ya koma shuɗi. Ya buɗe kwalbarsa ya sa ɗigo biyu, ya karkaɗa, a gaban idona ya rikiɗe ya zama rawaya. Ya ce, "Ka gani da idonka, Alhaji, ba sai na yi rantsuwa ba." Yarana har da tafi.

Abin da ya nuna a kofin gaskiya ne, kuma a nan damfarar take. Kowane abu mai tsami zai yi haka, ko lemun tsami ka matsa. Na zuba a akwatina da yamma, pH ya sauka zuwa 6.5. Gari na wayewa ya koma 8. Na kira shi, ya ce ruwana ya cika taurin kai, in ninka. Na ninka. Ya sake sauka, ya sake hawa. Rana ta uku kifayen suka taru a saman ruwa suna haki, fikafikansu a manne, launinsu ya koɗe. Har moli biyu da suka shekara biyu ba ko ciwon kai suka bi sahu. Da na sake kira sai ya ce yana da kwalba ta biyu mai "daidaitawa", sefa 5,000, in fara turo kuɗin ta waya. Ya ƙara da cewa idan kifayen sun ƙare yana da wasu na sayarwa. Wato ya ci da rai, ya ci da gawa.

Wani abokina da ke koyar da ilimin sinadarai a lise ya karɓi kwalbar. Ya ɗiga kaɗan a kan garin kanwa, ta tafasa fuuu. Ya ce asid ne da aka sirka da ruwa, kuma yana zargin har da alimun a ciki, wanda ake sa wa ruwan kogi ya kwanta. Takardar jikin kwalbar ba sunan kamfani, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, kuma tawadar tana zuba idan ruwa ya taɓa ta.

Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Nauyin ruwa, wato yawan gishirin ƙasa da ya narke a cikinsa, iri biyu ne. Akwai GH, wato yawan kalsiyam da magniziyam. Akwai KH, wato kabonet da baikabonet, su ne ke shanye duk tsamin da ka zuba su mayar da pH inda yake. Nawa KH ɗin 14 ne. Muddin yana nan, ɗigon asid kamar zuba ruwa ne a rairayin Binuwai da rani. Ranar da asid ɗin ya cinye KH gaba ɗaya kuma, pH zai rufto lokaci guda ba birki. Sannan tazarar lamba ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ce, tsakanin 6 da 8 ninki ɗari ke nan. Irin wannan lilon nake yi da kifayena safe da yamma. Kalsiyam ɗin kuwa yana nan daram, asid ba ya fitar da shi.

Hanyar da ke aiki ita ce sirki. Ka haɗa ruwan famfo da ruwan da injin RO, mai cire gishirin ruwa, ya tace, ko ruwan sama mai tsabta. Rabi da rabi yana rage GH da KH da rabi. A bokiti za ka haɗa, ka auna, sannan ka canza kamar kashi 20 cikin ɗari a mako, kada ka juye duka rana ɗaya. Idan ruwan sama ne, bar na farkon damina ya wanke ƙurar kwano tukuna. Ruwan leda kuma kada ka ɗauka mai laushi ne don yana da daɗin sha, auna shi. Ka gwada tsakuwar da ke ƙasan akwatinka ma: ɗiga mata binigar, in ta yi kumfa farar ƙasa ce, ita ke ƙara wa ruwan nauyi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ruwa ne kawai ke tashi, gishirin yana zama. In kana cike gurbin da ruwan famfo kullum, nauyin ƙaruwa yake yi.

Ni dai a ganina, wanda ba shi da halin wannan wahala ya ajiye kifin da ke son ruwanmu yadda yake: gofi, moli, filati, ko kifayen tafkin Malawi da Tanganyika, waɗanda pH ɗin asalin ruwansu yana kaiwa 8 har ya wuce.

Yaron ya toshe lambata. Jiya wani maƙwabcina ya nuna mini tallar a wani zaure, da sabon suna da sabuwar lamba, amma kofin nan ne, kwalbar nan ce mai shuɗin murfi, farashi ya koma 9,000. Yanzu yana cewa yana aikawa har Marwa da Kuseri a mota, in an biya tukuna.