Firam ɗin kabon ko na alminiyam, wanne zai fi rage maka nauyin keke?

Ɗan'uwa ka ce kana so ka haɗa keken hawa dutse da hannunka, mara nauyi, irin wanda ba shi da shoka a baya, kuma kuɗin da ke hannunka ba za su isa ka sayi komai mai kyau lokaci guda ba, to ka zuba su a firam ɗin kabon ka lallaɓa da ƙananan kaya, ko ka ɗauki na alminiyam ka sa masa kaya masu nagarta? Ni dai ta biyun zan ce maka, amma bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani da idonka.

Mu fara da firam tunda shi ne ya ɗauke maka hankali. Na kabon mai kyau irin na tsere yana kaiwa kilo 1 zuwa 1.2, na alminiyam kuma, wato nau'in alminiyam mai lamba 6061 ko 7005 da aka fi yi da su, yawanci tsakanin kilo 1.6 zuwa 1.9 yake. Ka ga ratar wajen giram 600 ko 700 ce, kuma a kan wannan ratar ce za ka biya ninki biyu ko fiye. A nan kabon ya ci, babu musu.

To amma sai a zo kan fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba mai shoka a jiki, nan ne lissafin ke juyewa. Idan kabon ya cinye kuɗin, abin da zai rage maka fok ne mai sifirin a ciki irin su SR Suntour XCM, wanda nauyinsa ya haura kilo 2.5, kuma duk yadda ka murɗa shi ba zai daidaita da nauyin jikinka yadda ya kamata ba. Wanda ya ɗauki alminiyam kuwa zai iya sayen fok mai iska kamar RockShox Reba, wajen kilo 1.6 zuwa 1.7, ka sa masa iska da ɗan famfonsa daidai jikinka. Kusan kilo guda kenan a abu ɗaya tak, ya riga ya shafe duk ribar da firam ɗin kabon ya kawo har da ƙari. Kuma wallahi nauyin gaba shi ne wanda hannu ke ji, duk sanda za ka ɗaga tayar gaba ka haye dutse ko ka tsallake kwazazzabo shi kake ɗagawa, ba bututun da ke ƙarƙashin sirdi ba.

Sai wili da tayoyi. Wili biyu masu araha na inci 29 sukan wuce kilo 2, masu kyau na alminiyam kuma wajen 1.7 zuwa 1.8. Tayar da bakinta waya ce ta fi mai naɗewa nauyi, sannan kowane tif guda na 29 wajen giram 200 ne. Idan ka koma tsarin da babu tif za ka zuba ruwan faci kamar mililita 100 a kowace taya, ragin nauyin ba wani mai yawa ba ne a gaskiya, amma ni ba don nauyi ma nake matsa maka a kai ba, don ƙaya ne. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona bayan damina ya san tsidau, ka dawo gida ka juya tayar ka ga ƙayoyi biyar shida sun lafe a jiki, da tif ne da tuni kana gindin bishiya wajen mai faci, amma da ruwan nan sai ka zare ƙayar ka ga ɗan farin ɗigo ya fito, ka juya tayar sau biyu ya toshe. Abin lura kawai zafinmu na busar da shi da wuri, duk bayan wata biyu ko uku ka duba ka ƙara. Mutane na cewa nauyin wili ya ninka na firam, wannan a lokacin tashi da ƙara gudu ne ake jin sa, idan hawa ne mai tsawo a gudu ɗaya giram giram ne ko ina yake.

Giya kusan kunnen doki ne tsakanin haɗin biyu, don kowanne za ka iya yi masa faranti ɗaya a gaba. Tun da kamfanin kayan keke na SRAM ya fito da giyar XX1 mai faranti ɗaya a 2012, sannan Eagle mai giya 12 a 2016, aka fara watsar da faranti uku da mai canja giyar gaba. Shimano Deore M6100 mai haƙora 10 zuwa 51 a giyar baya ya ishe ka, kada ka kashe kuɗi a XTR, samfurin Shimano mafi tsada, yanzu, bambancin tarin giyar bayansu wajen giram 200 ne kuma abu ne da ƙura ke cinyewa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato faɗuwa. Alminiyam idan ya bugi dutse yakan lotsa, kana gani da ido, ka san halin da kake ciki. Kabon yana da ƙarfi sosai, kar wani ya ce maka roba ce, amma bugun kaifin dutse kan iya farfasa shi ta ciki alhali fenti na nan lafiya lau, shi ya sa firam ɗin kabon na gwanjo nake jin tsoronsa matuƙa, ba ka san abin da ya gani a hannun mai shi na farko ba. Ana iya gyara kabon, amma sai ƙwararre, ba aikin mai gyaran keken unguwa ba ne. Shi ma alminiyam ba wai a kai shi walda shi kenan ba, 6061 na buƙatar a sake gasa shi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Sannan kabon sai da sifana mai auna ɗauri, kusoshin sirdi da na handil yawanci 4 zuwa 6 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), ɗaurin ƙarfin tuwo na iya tsaga shi tun kafin ka hau.

Inda zan ce ka ɗauki kabon shi ne idan burinka keken ya sauka ƙasa da kilo 10, kuma kana da haƙurin tara kaya sannu a hankali har shekara ɗaya ko biyu, kuma sabo za ka saya daga kamfanin da ke ba da garanti. Idan kuma so kake ka hau a bana ka ji daɗinsa, haɗin alminiyam zai ba ka keke mai kilo 11 zuwa 12 da ya fi na kabon mai ƙananan kaya sauƙi a sikeli kuma ya fi shi biyayya a kan duwatsu irin na Shere a Jos.

Ko wanne ka zaɓa, kafin ka biya kuɗin firam ka tambayi abu uku: bayansa Boost ne mai faɗin milimita 148 ko tsohon 135 da 142, wuyansa na karɓar fok mai faɗi daga ƙasa ko a'a, sannan gidan kiranki, wato inda hannun feda ke juyawa, mai zare ne da ake kira BSA ko na dannawa. Ni mai zaren nake so don bai cika ƙara ba idan ƙura ta shiga. Hob ɗin baya ma, wato cibiyar wili, ka duba irin mazaunin giyar da ke jikinsa, Deore mai giya 12 sai da Micro Spline, SRAM GX sai XD, NX kuma na hawa tsohon HG. Turo mana ma'aunin firam ɗin da ka gani da tsayinka sai mu duba ko girmansa ya yi maka.