Gargaɗi ga masu a-kori-kura: ku ƙirga haƙoran giya kafin ku saki kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu motocin shiga daji. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya ta hana ni fitar da ita, don babu daɗi babba ya tsaya gaban jama'a ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa. To, shekaranjiya na sake cin karo da tallar mutumin da ya cuce ni a cinikin giyar akasul. Ya canza suna, ya canza lambar waya, hotunan kuwa su ne dai. Daga nan shiru ya zama laifi.

Motata a-kori-kura ce mai fowil, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, kuma ba ta san hutu ba. Tankin ruwa a baya, bamba ta ƙarfe a gaba, safaya biyu, ga lodin aiki a kai kullum. Da na cire tayoyinta na asali masu inci 31 na sa masu inci 35 don ta daina kwanciya da ciki a yashi, sai ta zama kamar ba ita ba. Tashi daga tsaye sai an ji ƙaurin kuloci, ɗan tudu sai an koma giya ɗaya, giyar ƙarshe kuwa ta zama ado. Inji lafiyarsa lau. Taya ce ta yi wa giyar akasul girma.

Ga wanda bai saba ba, cikin tulun nan na tsakiyar akasul akwai giya biyu masu cizon juna: babban mai kama da faranti, wanda makanikai ke ce wa kirawun, da ƙaramin, wato finiyon, wanda farfela, sandar da ke kawo juyin inji zuwa akasul, ke juyawa. Lambobin da kake jin ana ambata, 3.73 ko 4.10 ko 4.56, babu wani siddabaru a cikinsu. Haƙoran kirawun ne aka raba da haƙoran finiyon. Kirawun mai haƙori 41 da finiyon mai 11 su ne 3.73. Mai 41 da 10, 4.10. Mai 41 da 9, 4.56. Mai 39 da 8, 4.88. Mai 37 da 7, 5.29. Lambar tana gaya maka sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In ta hau, ƙarfin ja ya ƙaru, inji kuma ya ƙara ƙugi a kwalta. Ku riƙe 41 ɗin nan da ta maimaitu sau uku, a nan aka yanka ni.

Tawa 3.73 ta zo da ita. Lissafin mayar da mota yadda take mai sauƙi ne: tsohuwar lamba sau girman sabuwar taya, a raba da girman tsohuwar. 3.73 sau 35 a raba da 31, ya ba ni 4.21. Wannan fa mayar da ita yadda take ne tun tana wayam, ba tanki ba bamba. Mai nauyi yakan ƙara taki ɗaya, sai na tsaya a kan 4.56, gaba da baya. Har nan ban yi kuskure ba.

Kuskuren ya fara ne ranar da na ga tallar a wani dandalin masu motocin daji. Kwalaye sababbi fil an jera a kan benci, da tambarin wani kamfani sananne, farashin kuwa ya yi ƙasa ainun da na ko'ina. Ƙarƙashin tallar yabo ne iya ganinka, wannan ya ce kaya sun iso lafiya, wancan ya ce motarsa ta zama zaki. Daga baya ne na koma na bi masu yabon ɗaya bayan ɗaya, na tarar shafukansu ba komai a ciki sai yabon nasa.

Na kira shi. Baki kamar zuma. "Ranka ya daɗe, ai ka zo gida. Me za ka yi da 4.56? Ɗauki 5.29, motarka ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka yanzu, ko gezau." Na ce a'a, 4.56 nake so. Ya ce akwai, amma saiti biyu kacal suka rage, kuma wani ya ce zai turo kuɗi kafin dare. Na ce ya buɗe kwali ya nuna mini a waya kai tsaye. Ya ce kayan suna sito, yaron da ke riƙe da makulli ya fita. Asusun da ya turo mini sunan wani mutum ne daban, ba sunan shagon ba. Duk na ga waɗannan, wallahi na gani, amma araha ta rufe mini ido na yi cinikin biri a sama.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne tambayoyin da bai yi mini ba. Bai tambayi wane irin akasul ne a motar ba, bai tambayi shekararta ba, bai tambayi ko na gaban irin wanda finiyonsa ke shiga ta sama ne ba, alhali yankan haƙoran wannan daban yake da na gama-gari, ba sa musanya. Akwai kuma akasul ɗin da in ka tsallake wata lamba sai ka canza gidan da kirawun ke zama a kai, ko ka nemi kirawun mai kauri. A akasul samfurin Dana 44 iyakar tana tsakanin 3.73 da 3.92, a Dana 60 tsakanin 4.10 da 4.56. Mai sana'ar gaske tambayoyi zai yi ta jero maka har ka ƙosa. Wannan kuwa duk abin da na faɗa, amsarsa ɗaya ce: akwai.

Kaya sun iso, kuma a nan dabararsa take. Da bai turo komai ba, da ranar zan fara kururuwa. Kwalaye biyu, kowanne an rubuta 4.56, ƙarafa sun sha mai suna ƙyalli a leda. Na ɗauki kirawun ɗaya na ƙirga, 41. Na ɗauki ɗayan, 41. Na ce alhamdu lillahi. Finiyon kuwa ko kallon kirki ban yi musu ba. Na kai wa wani yaro mai saurin hannu, ya ɗaura cikin yini guda, ni ma ina tsaye a kansa ina azalzalarsa saboda tafiya na jirana.

Baya ce ta fara magana. Wani irin kuka siriri, in na taka mai ya tashi, in na saki ya canza murya. Na kira mutumin, ya ce sabon ƙarfe ne, zai zauna. Na yarda, don mota ta samu ƙarfi, tana tashi da lodi ba gardama. Mako uku ina yawo a kwalta da tayoyin baya kaɗai ke ja, akasul na gaba yana hutawa abinsa. Irin motocinmu, muddin ba ka sa fowil ba, ko me aka cusa a tulun gaba ba zai tona kansa ba. Kafin ka gane, mai tallar ya yi layar zana.

Ranar da na sa fowil a yashi, na ji motar tana wani irin fizga, gaba na tona, baya na turjewa, na ɗauka hanya ce. Da na fito kan wani fako mai duwatsu sai sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna ƙara kamar ana jan buhu a siminti, sandar fowil ta ƙi fita ko da na sa hannu biyu. Ban yi tafiyar kirki ba na ji ƙas! a ƙarƙashina. Kurosin farfelar gaba, wato mahaɗinta, ya tarwatse, farfelar ta daki cikin mota. Allah ya taƙaita a hankali nake tafiya.

Dattijon bakaniken da na kai wa daga baya bai ce uffan ba. Ya sa jak ya ɗaga tayar gaba ɗaya, ya bar ɗayar a ƙasa, ya ja layi da alli a jikin tayar, ya ja wani a bakin finiyon inda farfela ke ɗaurewa. Ya sa yaronsa ya juya tayar sau 20, shi yana ƙirga juyin finiyon. Ya samu 41, wanda in an raba da 10 shi ne lambar giyar. Aka koma baya aka yi haka, 45 da rabi da ɗan ɗoriya. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, gabanka 4.10 ne, bayanka 4.56. Wa ya haɗa maka wannan aure?"

Bambancin kusan kashi 11 cikin ɗari ne. Duk tafiyar mita 100 da tayoyin baya za su yi, na gaba suna neman yin 111, alhali ƙarfe ɗaya ya ɗaure su. A yashi taya takan zame ta sauke fushin. A fako babu inda za ta zame, sai abin ya taru a farfela da giyar fowil har mai rauni a cikinsu ya karye. Abin da ake lamunta tsakanin gaba da baya bai wuce kamar kashi 1 cikin ɗari ba, irin 4.10 da 4.11.

Da aka kwance, komai ya fito fili. Finiyon na gaba haƙori 10 ne, ba 9 ba. A gefen kirawun akwai wani ɗan wuri da aka goge da dutsen injin har ya yi kwari, aka buga 4.56 a kai, 5 ɗin ta fi sauran zurfi, 6 ɗin ta karkace. Dattijon ya sa tsumma da fetur ya share man, sai ga fuskar haƙoran da sheƙin gogayya, irin na ƙarfen da ya ci tafiya. A wuyan finiyon ga zoben da tsohon boris ya bari, a zaren noti ga tabon inda aka taɓa dake shi. Tsohon kaya ne aka wanke aka sa wa sabuwar riga.

Na baya kuwa 41 da 9 ne da gaske, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Kirawun da finiyon tare ake goga su a masana'anta har su saba da juna, sannan a rubuta musu lamba iri ɗaya, ɗaya a gefen kirawun, ɗaya a goshin finiyon. Nawa lambobin ko kama ba su yi ba. Shi ya sa suke kuka, kuma babu gwanin da zai saita su su yi shiru. Ya shafa musu fentin nan rawaya na duba cizo, ya juya, sawun ya fito can bakin haƙori maimakon tsakiya. Man da aka tsiyaye kuwa yana walƙiya da garin ƙarfe.

Laifin yaron da ya fara ɗaura mini su ma ban ɓoye shi ba, ko da yake ni na hana shi sakat. Ɗaura kirawun ba aikin sifana da guduma ba ne. Ana saita zurfin finiyon da siraran washa, ana auna ɗan wasan da ke tsakanin haƙora da agogon awo, galibi tsakanin milimita 0.15 da 0.25, ana auna matsin boris, ana duba sawun fenti. Bayan an gama a bi shi a hankali, a riƙa barinsa yana hucewa, ba jan kaya mai nauyi sai an yi kamar kilomita 800, sannan a zubar da man a zuba sabo. Mai tallar ya ce mini kowane bakanike zai ɗaura, in loda in wuce.

Sai maganar ninkin lodi, wadda har yanzu tana nan a sabuwar tallarsa. Ƙarya ce tsagwaronta. Giya tana taimakon inji wajen ja, ba ta ƙara wa mota ƙashin baya. Nauyin da mota za ta ɗauka yana ga sifirin, da shasi, da boris, da sandunan akasul, da taya, da birki, kuma masu ƙera ta sun rubuta iyakarsa a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Canza kirawun ba ya goge wannan rubutu. Illa ma dai mota ta riƙa tashi da lodin da birkinta ba zai iya tsayarwa ba. Kuma 5.29 da yake tura wa kowa, finiyonta haƙori 7 ne kacal, ya fi sauran ƙanƙanta, shi ne kuma zai sha duk wahalar. A lissafina, da taya mai inci 35 da giyar ƙarshe mai 0.7, a gudun kilomita 100 inji zai riƙa juyi kusan 1,560 a minti da 3.73, kusan 1,900 da 4.56, kusan 2,200 da 5.29. Akwai motar da 5.29 ta dace da ita, mai ƙaramin inji da manyan tayoyi wadda ba ta cika hawa kwalta ba. Amma wanda bai tambayi girman tayarka ba, da me ya san ta dace da kai?

In dole sai ka saya daga nesa, ka ce ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ya rubuta wata kalma da ka zaɓa a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya share mai, ya ɗiga alli a haƙori ɗaya ya ƙirga a gabanka, kirawun da finiyon, saiti biyun duka. Ya nuna maka lambar gefen kirawun da ta goshin finiyon a tare. In ya ce yaro ya fita da makulli, ka ce kana jiran yaron. In kayan sun zo hannunka, ka sake ƙirgawa da kanka kafin a ɗaura, bayan an ɗaura kuma a yi gwajin alli gaba da baya kafin ka taɓa sandar fowil. In akasul ɗinka mai kulle ne, wato wanda tayoyinsa biyu ke juyawa tare, tayoyin biyu za a ɗaga a juya sau 10, lissafin ya fito daidai da wancan.

Sunan da yake amfani da shi yanzu ba zai amfane ku ba, na ga ya canza sau biyu. Ku lura da hoton: shuɗin benci mai ɓantararren gefe, kwalaye shida a jere, kirawun ɗaya a jingine a gaba, kuma ba za ku ga finiyon ko ɗaya a waje ba.