Helikwaftan rimot mai batir: wanne za ka saya a nan Jidda kuɗinka bai tafi a banza ba

Duk wanda zai sayi ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na rimot to ya fara sa wa ransa cewa jirgin nan zai faɗi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har gwanaye suna kayarwa. Shi ya sa ni idan ɗan uwa ya tambaye ni wanne ya fi, ba kyaun kwali nake dubawa ba, abin da nake fara tambaya shi ne idan farfela ta karye ko giya ta cinye a ina za ka samo wata, kuma nawa. Na taɓa sayen wani jirgi mai kyaun gani a wani shagon kayan wasa, mai shagon har da rantsuwa akwai kayan gyaransa a sito, da ƙaramar giyar roba ta zube na koma sai ya ce wai kamfanin ya daina yi. Riyal ɗina masu yawa suka zama kwalliyar saman kabad saboda giyar da ba ta kai girman kwandala ba, kuma har yau abin yana min ciwo.

To bari mu bi su. Akwai masu farfela biyu sama da ƙasa, canel 3 (canel shi ne yawan umarnin da rimot ke iya ba jirgi), irin su Syma S107 da ake samu ko'ina. Na yara ne a cikin falo, khalas. Rimot ɗin yawancinsu da hasken infrared yake aiki irin na talabijin, kana fita da shi ranar Jidda ya daina jin magana, iskar mukayyif ma, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana iya kai shi bango.

Sai masu canel 4, farfela ɗaya, kamar WLtoys V911S. Wannan ba laifi, rimot ɗinsa na 2.4GHz ne, yana koya maka riƙe jirgi wuri ɗaya da juya wutsiya, kuma yana da juriyar faɗuwa. Matsalarsa fuka-fukinsa a kafe suke, hawa da sauka duk da gudun moto ake yi, to idan iskar teku ta la'asar ɗin nan ta ɗaga shi sama ka rage wuta don ya sauko sai farfelar ta yi sanyi, sitiyarin ma ya yi sanyi, kana kallo ya tafi gidan maƙwabta. Wanda ya ɗan dage nan da nan zai ji ya fi ƙarfinsa.

Zaɓina kuwa, wanda nake faɗa wa kowa ba kunya, XK K110 ne ko ƙaninsa K110S. Canel 6 ne na gaske, wato farfela tana gudu kusan daidai kullum, fuka-fukin ne suke murɗawa su ƙara cin iska ko su rage, har su ci ta baya, shi ya sa yake iya tashi a kife kamar manyan. Nauyinsa wajen giram 60 ne kawai, kuma wannan rashin nauyin shi ne sirrinsa, ya faɗi a ciyawa ko kafet mafi yawan lokaci ɗauka za ka yi ka kaɗe ka ci gaba. Babban motonsa marar burushi ne, ba ya saurin mutuwa. Yana da yanayi biyu a makunni ɗaya, 6G wanda idan ka saki sandar rimot jirgin zai miƙe da kansa, da 3D wanda babu mai taimakonka sai yatsunka, ka ga jirgi ɗaya ya ɗauke ka daga koyo har wasan juyi ba sai ka sake sayen wani ba. Batirinsa sel ɗaya ne 450mAh, yana ba ka minti 5 zuwa 6, ka sayi huɗu ko biyar tun farko. Yana kuma jin yaren Futaba S-FHSS, wato irin siginar da rimot ke magana da jirgi da ita, to ranar da ka samu rimot babba irin RadioMaster mai haɗa yaruka da yawa za ka ɗaura shi a kai ka ji kamar an canza maka jirgi. Uwa uba kayan gyaransa sun cika kasuwar intanet ta AliExpress, farfela, giya, shaf, ƙafafu, sarbo (ƙananan injinan da ke karkata fuka-fuki), duka da araha, sai dai ka yi oda tun kafin ka buƙata don kaya na ɗaukar makonni. Rauninsa ɗaya da zan faɗa tsakani da Allah, ƙaramin moton wutsiya mai burushi ne, yana gajiya, idan ka ga wutsiya ta fara sullewa lokacin da ka ba shi wuta to canza shi ya zo, ka ajiye biyu a gida.

Kamfanin Blade jiragensu masu kyau ne amma tsada, ga su manne da rimot ɗin Spektrum, kayan gyara kuma sai ka sha wahala a nan. OMPHobby M2 da Goosky S2 sun fi K110 ƙarfi da natsuwa a iska, babu ma giyar da za ta cinye don moto kai tsaye yake juya farfela, amma kuɗin guda ɗaya zai sai maka K110 da tulin kayan gyara, jirgi na biyu ne ba na farko ba. Babban jirgi mai girman 450 irin T-Rex kuwa kada mai koyo ya kusance shi, farfelarsa tana yanka mutum.

Saiti kuma ba wani abin tsoro ba ne. Ka fara kunna rimot, sannan ka jona batir ka ajiye jirgin a ƙasa mai daidai kada ka taɓa shi na 'yan daƙiƙu har jairo, wato na'urar da ke daidaita jirgin a sama, ya gama gane kansa, da yawa masu cewa jirginsu yana jan gefe a hannu suke jona batir suna tafiya. Kusoshin fuka-fuki kada a ɗaure su tamau kada kuma su yi lakwam, su biyun su zama daidai. Ka duba farfelar daga gefe tana juyawa, idan ka ga layi biyu maimakon ɗaya to ko sandar haɗi ɗaya ta fi tsawo ko siririn shaf ɗin da ya ratsa kan ya lanƙwashe, a K110 yawanci shaf ɗin ne bayan faɗuwa. Idan zai tashi zai ɗan zame hagu, ba lalacewa ba ce, turin farfelar wutsiya ne, ka ɗaga shi da ƙarfin hali ya wuce gwiwa ya fita daga iskar da yake bugawa ƙasa. Sannan ka saba wa yatsanka da makunnin kashe moto, da ka ga faɗuwa ta tabbata ka buga shi kafin ya taɓa ƙasa, wannan kaɗai zai cece maka giya da yawa. Kuma don Allah kada ka tashe shi daga kan rairayi, yashi yana shiga sarbo da giya, ka shimfiɗa kwali ko tsohon kafet.

Yanzu maganar cuta, nan ne raina yake ɓaci. Za ka ga kwali an rubuta 6 ƙato, mai shago ya ce maka canel 6 ne, alhali jairo ake nufi mai kusurwa 6, jirgin kuwa canel 3 ko 4 ne. Ka ce a buɗe maka, ka cire hular gaban ka ƙirga sarbo da ke kewaye da farantin ƙarƙashin farfela. Uku ne a mai canel 6, biyu a mai canel 4, idan babu ko ɗaya kuma 'yar farfelar wutsiya tana kallon sama to abin wasan yara ne ko me aka rubuta. Wanda ya ƙi buɗe maka ka bar masa kayansa.

A intanet kuma sai ka ga farashi ya faɗo ƙasa sosai, hoto da rimot da caja, kaya su iso babu rimot, ashe BNF ka zaɓa, wato jirgi zalla. Mai cikakken kaya RTF ake rubutawa. Ka kuma duba Mode 2 ne, mai wuta a hannun hagu, shi yawancin mutane suke amfani da shi kuma shi za ka gani a bidiyon koyo.

Batir ya fi komai jabu. Girmansa ɗaya da na asali amma an liƙa masa takarda an ninka lambar, wallahi ƙarya ce, ƙarfin batir da nauyinsa tare suke tafiya, ka ɗora su a ƙaramin sikeli ka gani. Na jabu minti biyu wutsiya ta fara rawa, bayan 'yan caji ya kumbura. Na kirki ma ka kula da shi, cikarsa volt 4.2 ne, idan za ka ajiye shi kwanaki ka bar shi wajen 3.8, kada ka bar shi a mota a zafin nan ko na awa ɗaya, kada ka sa caji ka kwanta barci, wanda ya kumbura kuma an gama da shi. Masu sayen jirgi na hannu a haraji, wato kasuwar gwanjo, ku juya babban shaf da yatsa ku ga ko yana layi, ku haska haƙoran giya da tocilan waya, ku ce a tashe shi a gabanku, "batir ba caji" tsohuwar dabara ce.

Wurin tashi, cikin istiraha, wato gidan shaƙatawa, mai katanga ko babban falo ya ishi K110, da sassafe kafin iska ta taso. Hukumar GACA mai kula da jiragen sama a Saudiyya tana da dokoki a kan jirage marasa matuƙi, rajista da izini, ka karanta su kafin ka fita fili, kada ka kusanci filin jirgin Sarki Abdul'aziz ko wurin jami'an tsaro, 'yan uwanmu na Makka da Madina kuma kun san kewayen Harami ba wurin wannan ba ne sam. Wanda zai kai tsaraba Kano ko Yamai ya sa batiran a jakar hannu ya naɗe bakin wayarsu da salatif, ba a yarda da su a akwatin da ake aunawa ba, kuma ya haɗa da farfela, giya da moton wutsiya a cikin kwalin tun daga nan.