Katin gwajin ƙwaya ta fitsari: duba ko yana kama tiramol kafin ka biya

Katin nan da manyan kemis ke sayarwa yana aiki, sai dai ba kowanne ne ya dace da matsalarmu ba. Da yawansu layukan wiwi da hodar iblis ne a jiki, sai wani mai alamar OPI ko MOP. Wannan yana kama kodin da mofin, amma tiramol wuce shi yake yi salin-alin. A inda samari ke haɗiyar tiramol mai lamba 225, katin da ba shi da layin TRA ko TML (alamar tiramol) asarar kuɗi ne kawai. Allurar pentazosin ma ba ta fitowa a OPI.

Amfani da shi ba wuya. A tari sabon fitsari a kofi mai tsabta, a tsoma bakin katin daƙiƙa 10 zuwa 15 ba tare da ya wuce alamar da ke jikin katin ba, a kwantar da shi, a duba bayan minti 5. Abin da ya fito bayan minti 10 ba abin dogaro ba ne.

Wajen karantawa ake tafka kuskure, domin akasin gwajin ciki ne. Layi biyu, babu ƙwaya. Layi ɗaya a kan harafin C (layin da ke nuna katin ya yi aiki), akwai. Ko dishi-dishi layi na biyun ya fito, layi ne. In C bai fito ba, gwajin bai yi ba, kuma zafi na iya jawo haka: ba a son ajiyarsa ta wuce digiri 30, ga shi kantar kemis a Sakkwato cikin Afrilu ta fi haka nesa.

Iyakar abin da yake kamawa shan 'yan kwanakin baya ne: kodin kan ɓace cikin kwana 2 zuwa 3. Mai wayo yana sirka fitsarin da ruwa, don haka a taɓa kofin, sabon fitsari da ɗuminsa yake zuwa. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa, katin na iya yi masa ƙazafi.

Katin na nuna an sha, ba ya nuna jiki ya kamu. In ya nuna, kada a kulle yaro a ɗaki a yanke masa lokaci guda. Zawo da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci kan taso cikin kwana ɗaya, mai tiramol har ruɗewa yakan yi. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai tsara ragewa sannu a hankali, ya kuma gargaɗe shi cewa adadin da ya saba sha a da, bayan ya daina, na iya tsayar masa da numfashi.