Makirfon Boya BY-M1: ga ɗaliban da aka ba jingar yin hira da mutane

Duk ɗalibin da lakcara ya ce ya je ya yi hira da wani dattijo ya kawo a rubuce, shawarata ya nemi wannan ɗan makirfon na maƙalawa a wuyan riga, Boya BY-M1, kafin ma ya fara tsara tambayoyi. Ni a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na saya, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba ko kaɗan.

Jingar da aka ba mu kan sana'o'in gargajiya ce, ni na ɗauki rini, shi ya kai ni marinar Ƙofar Mata wadda ake cewa tun 1498 take. Wanda ya san wajen ya san bakin titi ne, ga ƙarar adaidaita sahu ga hon, ga mabuga a gefe suna ta dukan yadi, shi kuma Baban da ya yarda zai yi magana da ni muryarsa ƙasa-ƙasa take, in da waya kawai na ajiye a gabansa wallahi rabin maganar ta tafi. Da na maƙala masa a riga kusa da ƙirji sai muryar ta fito sama da hayaniyar. Hayaniyar tana nan fa, don makirfon daga kowane ɓangare yake ɗauka, amma tana can baya, kalmominsa kuma ɗaya bayan ɗaya ana jinsu. Wannan shi ne ya fi min komai, domin irin bayanin da ya yi na yadda ake haɗa baba da toka a karofi a bari ya tsima, da yadda yadi ke fitowa kore-kore sai ya sha iska ya koma shuɗi, in kalma ɗaya ta ɓace maka lokacin rubutawa to ba ka da wanda zai gyara maka sai dai ka sake komawa ka dami dattijo.

Igiyar mita 6 ce. Da farko na ga kamar ta yi yawa, tana kuma harɗewa in ba ka naɗe ta da kyau ba, amma ita ta ba ni damar durƙusawa a gefe yadda ya dace, ba na tura wa babba waya a baki ba. Can da hira ta yi daɗi har mantawa ya yi da abin a jikinsa, ya ce min "yaro matso ka ga kumfar nan", ya shiga ba ni labarin Buzayen da ke zuwa sayen rawani.

Akwai maɓalli a jikin ɗan akwatin da ke jikin igiyar, in da waya za ka yi ka bar shi a kan OFF/Smartphone, ɗan batirin LR44 da ke cikinsa na aiki da kamara ne. Bakinsa irin na iyafis ne mai 3.5mm, don haka in wayarka ba ta da wannan ramin sai ka haɗa da adafta, ka gwada su tare tun a shago. Sannan in ka gama ɗauka ka zare makirfon kafin ka kunna, in ba haka ba shiru za ka ji ka ɗauka bai yi rikodin ba. Soson da ke kansa yana tare iska daidai gwargwado, amma in hunturu ya kankama gara ku zauna a zaure.

Ka sa wayar a eroplen mod saboda kira, ka kuma nemi izinin mutum a fili cewa za ka naɗi muryarsa da abin da za ka yi da ita, wasu dattawan ba sa so kuma haƙƙinsu ne. Jabu sun yi yawa a kasuwa, ka sa mai shago ya buɗe kwalin ka ɗauki muryarka ta minti ɗaya ka saurara kafin ka biya.